Ɗan Takarar da Aka Ɗora a Baskil

Duk wanda ya taɓa sayen albasa a tashar Madawa ya san Abdulhamid, ko da kuwa bai san sunan ba, don in ban da gyatumarsa ba mai kiransa da shi. Sakatare ake ce masa, sakataren sandika, wato ƙungiyar 'yan dako, masu loda buhunan albasa a kamiyo, babbar motar kaya. Shi ma da can ɗan dako ne, ya sha hawan katako da buhu a gadon baya, har abokan aikinsa suka lura bakinsa ya fi bayansa amfani, suka ce ya aje kaya ya riƙa yi musu magana. Magana kuwa Allah ya hore masa ita. In ya hau kan taya ya buɗe murya, mai shayi ma sai ya manta butarsa a wuta.

Babban yaƙin da ya yi a rayuwarsa shi ne yaƙin hula. Ba hular kai ba. 'Yan kasuwa ne ke cika buhu da albasa taf, sannan su ɗinka masa wani ƙyalle a baki su ƙara danƙara wata albasar, buhu ɗaya ya zama ɗaya da rabi, a kira ƙarin nan hula. Wannan jibgegen abu shi ake ɗora wa ɗan mutane ya hau katako da shi. Mazaje nawa suka koma gida a duƙe tun ba su yi furfura ba! Sakatare ya kira yajin aiki, aka zauna ƙarƙashin inuwar kamiyo ana shan shayi har albasa ta soma wari, warin ya kai biron parefe, wato ofishin mai mulkin gundumar. Parefe ya tara kowa, aka yi yarjejeniya: ba a ƙara ɗora wa ɗan dakon Madawa abin da ya fi kilo ɗari, kuma a kafa baskil, wato babban ma'auni, a bakin tasha.

Shugaban 'yan kasuwar albasa shi ne Alhaji Shafi'i, ɗan gwaggon Sakatare, taubashinsa na haƙiƙa, wanda tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Shi ne ya ɗaga hannu a gaban parefe, a hankali, ya ce, "Mun yarda. Amma in ku da kanku kunka ɗauki abin da ya hi haka hwa?"

Sakatare ranar kansa ya yi girma, ga jama'a, ga nasara. Ya bugi ƙirji ya ce, "Ran da ɗan dakon Madawa ya ɗauki abin da ya hi kilo ɗari, ko mi ne ne, ko ni anka ɗinke cikin buhu, yarjejeniya ta mutu, ku maido hularku!"

Aka yi ta tafi. Alhaji ya shafi gemu ya ce shaidu dai sun ji.

To amma yarjejeniyar iyakarta tashar Madawa. A Buza, a Keita, a Tamaske, buhu na nan da hularsa har da karkata ta. Abin nan ya hana Sakatare barci. Shi ya sa da zaɓe ya gabato, wata 'yar jam'iyya mai alamar kwando ta zo nemansa, bai ja dogon rai ba ya amsa zai tsaya takarar kujerar majalisar jiha. Lissafinsa a fili yake: in ya shiga majalisa a Tawa, babban birnin jihar, kilo ɗarin nan ya zama doka ta jiha baki ɗaya, ba alfarmar tasha ɗaya ba.

Tun da aka gama girbin hatsi ya shiga zagayen ƙauyuka cikin wata tsohuwar mota ta aro, an ɗaura mata lasifika da igiya. A nan ne masifa ta same shi, kuma masifar ba ta zo da sanda ba, da ludayi ta zo. Samari duk sun tafi ci-rani, wasu Abijan, wasu Libiya, ƙauyuka sai mata da tsofaffi. Matan Adar kuwa ba su jin jawabi da kunne sai sun ga baƙo ya ci. Ka sauka gidan maigari, ƙwaryar fura. Ka leƙa gaida liman, tuwo da miyar kuka. Ka ce bari in gaida shugabar mata, dambu da zogale ya tare ka tun daga zaure. In ka rage, an ce ka rena gida, ƙuri'ar zuri'a guda ta tafi. A Bangi ya sha fura gida biyar kafin azahar. A Babankatami wata tsohuwa ta tsaya a kansa da muciya har sai da ya suɗe akushi, tana cewa, "Wanda bai iya gamawa da tuwo, ina shi ina gamawa da manyan Tawa?"

Bayan wannan kuma, duk inda ya yada zango sai ga ɗan kabu-kabu da ƙunshi: kilishin Madawa mai yaji, ko cinyar rago gasasshiya, ko kaji a takarda mai naso. Saƙon ɗaya ne kullum, wai in ji taubashinka Alhaji Shafi'i, ka ci ka samu ƙarfin faɗuwa zaɓe. Sakatare ya yi dariya ya ce wa direba, "Ka ga zumunta ke nan. Ɗan takara daban shika goyon baya, amma jini bai bari ya bar ni da yunwa." Ya naɗe hannun riga.

Da ma can Sakatare ba ƙaramin mutum ba ne, dogo ne mai faɗin kafaɗa. Matarsa Tabawa ce ta fara ganin abin da ke faruwa, ran da ya dawo gida ya ce tela ya cuce shi, ya rage masa wuyan riga.

"Malam, tela bai taɓa rigarka ba," in ji ta. "Zariyar wandonka ma ni na ƙara mata tsawo, ban dai hwaɗa maka ba. Ni abin da ban gane ba, yaushe Alhaji ya hwara sonka haka? Mutumin da ko ran suna sai an ƙirga mishi goro?"

"Ke ba ki san siyasa ba."

"Siyasa kam ban sani ba. Amma na san in na ga mahauci shina ba rago dussa da hannunai, ba ƙauna ta ba."

Ya ce ta cika zargi, ya jawo sauran kilishi.

A ƙasar nan, ran mitin na ƙarshe, wato babban gangamin kafin zaɓe, ɗan takara ba ya taka ƙasa. Daga bakin fili ake sungumarsa a wuya har kan mumbari, ana kiɗa ana guɗa. Wanda ya shigo da ƙafarsa, ai an gama da shi, sai a ce ba shi da mutane, ko mai ɗaukarsa babu. Ɗan takarar da 'yan kasuwa ke goyon baya ya yi nasa mitin tun ranar Laraba, wani siririn mutum mai tabarau, samarin haya suka ɗauke shi suna tangaɗi kamar za su zubar da shi. Gari duka ya ce bari dai a ga na Sakatare, mutumin da ke da 'yan dako sukutum. Hafizu, sarkin 'yan dakon tasha, ƙato mai wuya kamar turmi, tun mako guda yake shelar shi zai ɗauko Sakatare, kuma ba tafiya zai yi da shi ba, rawa zai yi.

Ranar ta zo. Bayan la'asar filin ƙwallo ya cika maƙil, mata daga ƙauyuka da zannuwa iri ɗaya, 'yan dako sun ɗaura rawunan buhu, makaɗa sun sa kalangu a gaba. Motar lasifika ta tsaya a bakin fili. Sakatare ya fito cikin babbar riga shuɗiya mai aiki, sabuwa kar, yana ɗaga hannu. Wallahi ranar ya ji daɗin duniya, har ya hango kansa cikin majalisa yana buga tebur. Hafizu ya tsuguna a gabansa ya bubbuga kafaɗa ya ce, "Bisimilla, Sakatare, hau!"

Sai aka ji kukan jaki.

Amalanke ne ke ratso jama'a, a kansa baskil ɗin tasha, bayansa Alhaji Shafi'i da carbi a hannu da 'yan kasuwa huɗu, da dattawan nan da suka yi shaida a gaban parefe.

"Taubashi, barka da taro," in ji Alhaji, fuskarsa kamar ya zo gaisuwar sallah. "Ba hana ku na zo yi ba, ku ɗauka abinku. Awo kaɗai za mu yi, kamar yadda kuka yi ma albasata kullum sahe. In bai hi ɗari ba, ni ma in kama ƙahwa guda. In ya hi kuma kunka ɗauka, to shaidu na nan, gobe buhuna da hulatai."

Kalangu ya yi shiru. Sai a lokacin Sakatare ya tuna cinyoyin ragon nan, ɗaya bayan ɗaya, da kajin, da kilishin. Ya dubi Alhaji ya ce, "Amma kai Allah ya yi mugu."

"Ni? Ciyarwa na yi, lada nika nema."

Jama'a suka kece da dariya, har da matan da suka zo dominsa. Ba yadda ya iya, shi ya kafa baskil ɗin nan da bakinsa, in ya ƙi hawa ya ƙaryata kansa. Aka sauke baskil daga amalanke, aka gyara masa zama a ƙasa. Sakatare ya hau yana riƙe numfashi, wai ko zai rage wani abu. Mai awo ya tura ƙarfe, ya ƙara turawa, ya leƙa, ya share gumi, ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya!" in ji Alhaji.

"Ɗari da tara."

Tirƙashi! Nan fa 'yan dako suka rufa a kansa, kowa da dabararsa. Wannan ya ce rigar ce, aikin zaren nan shi kaɗai ya yi kilo uku. Aka tuɓe babbar riga. Aka tuɓe 'yar ciki. Aka cire hula, da takalmi, da agogo, da salula biyu, da wani ƙunshin kilishi da aka tarar a aljihu, wanda ya ƙara tada dariya. Ɗan takara ya tsaya daga shi sai singileti da wando, tumbi a gaba. Mai awo ya sake tura ƙarfe ya ce ɗari da huɗu. Wani ya ce a aske masa kai. Wani ya ce ya zaga bayan gida ya dawo. Wata mai ƙosai ta yi dariya har ta zauna a kan murhunta, Allah ya sa wutar ta mutu.

Wani ɗan dako mai wayo ya ce, "To mu ɗauke shi mu biyu mana! Kowa hamsin da 'yan kai."

"Madalla da wanga hankali," in ji Alhaji. "Gobe buhu mai hula mutum biyu su kama, ladan mutum ɗaya. Na yarda tun yanzu."

Aka yi wa mai wayon ca, ya shige cikin mutane.

Hafizu ya matso kusa, ya kai baki kunnen Sakatare, ba wasa a muryarsa. "Sakatare, hau kawai. Ka bar shi da hulatai. In ka taka ƙasa yau mun hwaɗi, ka sani na sani. Mu ci zaɓen tukuna, in ka shiga majalisa ka yi muna doka, ta Madawa da ta ko'ina. Mun ɗauki hula shekara da shekaru, wata shida ba su kashe mu."

Ya sake tsugunawa ya ba da baya.

Kada wani ya ce Sakatare bai so hawa ba. Ya so, so mai tsanani, har ƙafarsa ta ɗaga. Maganar Hafizu ba ta banza ba ce, kuma kujerar nan yana ƙaunarta, ba don doka kaɗai ba, har don kansa, shi da aka rena saboda bai yi lakkwal, wato boko, mai zurfi ba. Amma da ya sunkuya sai ya ga bayan Hafizu ta wuyan riga, kantar nan baƙa ƙirin da buhu ya bari, da kafaɗar hagu da ta riga ta sauka ƙasa da ta dama. Ya san majalisa, ko ya shiga, magana ɗaya sai ta shekara ana shan ruwan sanyi a kanta. Hula kuwa gobe da asuba za ta dawo, kuma a kan wannan bayan za ta fara sauka.

Ya mayar da ƙafarsa ƙasa.

"Tashi, Hafizu."

"Sakatare..."

"Na ce tashi. Ba ni hawa. Duk ɗan dakon da ya taɓa ni yau, na kore shi daga sandika."

Ya sauko daga baskil, bai ko tsaya neman rigarsa ba, don wani ya riga ya yi gaba da ita wajen mumbari. Haka ya ratsa filin nan da ƙafarsa, ba takalmi, cikin singileti, tumbi na rawa, 'yan dako na biye da shi sun sunkuyar da kai kamar masu rakiyar gawa. Filin bai taɓa yi masa tsawo irin na ranar ba. Ta gefe maroƙan ɗaya ɓangaren, waɗanda Alhaji ya ajiye tun da rana, suka ɗauko waƙa nan take, wai Sakatare ƙafa a ƙasa, mai 'yan dako ya rasa mai ɗauka. Yara suka amshe. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Da ya hau mumbari aka miƙa masa abin magana, sai haki. Mutumin da ke sa mai shayi ya manta buta, ranar kalma goma kirki bai haɗa ba. Ya ce a zaɓi kwando, ya ce Allah ya sa mu dace, ya sauka.

Kafin ranar zaɓe waƙar ta kai Buza da Keita a cikin salulolin mutane, har da hotonsa a kan baskil. Aka kaɗa ƙuri'a, aka ƙirga, mai tabarau ya tafi Tawa. Kwando bai samu ko kujera ɗaya ba.

Abin ya yi wa Sakatare ciwo ƙwarai. Ya shige ɗaka ya ce ba ya nan. 'Yan dako suka zo gaisuwa, ya ce a ce musu yana barci. Alhaji Shafi'i ya aiko da kilishi, wai na jaje, Tabawa ta mayar da ɗan aiken tun daga ƙofa da maganar da ba ta maimaituwa. Tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Da ta ga abin ya ƙi ƙarewa, sai ta tsaya masa a bakin ɗaki da hannu a ƙugu.

"Malam, tashi. Ƙanwata ta haihu a Tamaske, jibi suna, ni ƙahwata ba ta bari in yi tahiya. Kai za ka kai kayan barka."

"In tahi Tamaske a yi mini waƙa?"

"A nan ma ana yi, ta katanga nika jin ta. Gara ka ji ta da sabon kiɗa."

Ya tafi, don gardama da Tabawa ta fi tafiya Tamaske wuya. Ya naɗa rawani ya rufe rabin fuska, ya shiga motar kasuwa ya zauna can baya. Suka isa ranar kasuwa ce. Ya sauko da ƙunshin kayan barka, zai ratsa ta wajen 'yan albasa, sai ya ji hayaniya. Ƙafarsa ta tsaya da kanta, don shi hayaniyar bakin kamiyo ko cikin barci ya san ta.

Kamiyo ne a tsaye, an jingina katako, ga buhuna jere kowanne da hularsa. 'Yan dako kuwa sun tsaya cirko-cirko ba wanda ya duƙa. Babu ko ɗaya da Sakatare ya sani a cikinsu. Wani baƙin mutum gajere mai faffaɗan ƙirji, da tsumma a kafaɗa, shi ke gaba yana nuna buhu da ƙafa.

"Alhaji, sauke hulag ga."

Mai albasar, wani ɗan kasuwa na nan garin, ya ce, "Kai Jima, yau kuma mi ya same ku? Nan Madawa ta? Ina yarjejeniya? Ina baskil?"

"Ba mu da baskil, amma muna da baya, shi ka hwaɗa muna nauyi," in ji Jima. "'Yan'uwanmu na Madawa, Sakatarensu sukutum sunka bari ya taka ƙasa gaban duniya don ya hi ɗari. Shi da bakinai ya hana a ɗauke shi, ya yarda ya hwaɗi zaɓe. To albasarka ta hi shi daraja? Ku zamna, jama'a."

Suka zauna, duka, a inuwar kamiyo. Wani har ya soma neman gawayin shayi. Ɗan kasuwa ya yi faɗa, ya yi rantsuwa, ya ce zai kirawo na Keita su loda masa. Aka ce masa ya kira, na Keita tun makon jiya suka zauna. Ya dubi rana, ya dubi albasarsa, ya yi tsaki, ya zaro wuƙa ya farke ɗinkin buhun farko. Albasar hula ta gangaro ƙasa, yaransa suka bi suna tsinta.

Sakatare yana tsaye da ƙunshin barka a hammata, bai san ya matso har bakin katako ba. Mutum huɗu suka cicciɓi buhun suka aza wa Jima. Ya gyara shi da kafaɗa, ya juyo, sai ya ga ƙaton baƙo mai rawani ya tare hanya.

"Alhaji, kauce mana, ko kai ma loda ka za a yi?"

"Sakataren nan da kaka magana," in ji Abdulhamid, "ka san shi?"

"Ban taɓa ganinai ba, amma ƙanena na wurin. Kilo ɗari biyu cur, baskil sai da ya yi ƙara. Namiji ke nan. Don Allah kauce, kaya na kaina."

Abdulhamid ya buɗe baki zai ce ɗari da huɗu ne, kuma ba riga. Sai ya fasa. Daɗi ya cika masa ciki har hawaye suka zubo cikin rawanin, shi ƙato, a tsakiyar kasuwar Tamaske. Ya matsa gefe ya ba shi hanya, Jima ya hau katako a miƙe.